Ƙwayar Zarra da Injin Karo: Sharhi a kan Kalmomin Koyar da Kimiyyar Ƙananan Ƙwayoyi a Makarantun Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan waɗansu kalmomi da muka saba amfani da su, mu malamai da masu fassarar labarai, idan aka zo bayanin ƙananan abubuwan da aka gina jikin kowace halitta da su. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne aikin duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta a makarantun sakandare na ƙasashen Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. A can, kamar sauran wurare, littafin fiziks da Ingilishi aka rubuta shi, jarrabawa ma da Ingilishi ake yin ta, amma duk lokacin da bayani ya cije sai malami ya koma ga Hausa. Ashe ke nan kalmar Hausar da malami ya kama a wannan lokaci ita ce ke zana wa yaro siffar abin a zuciyarsa, kuma da wannan siffa zai fita daga makaranta.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi guda ɗaya ne. Kalmar fanni ta dace idan ɗalibi ya ji ta, ya bi ta da hankalinsa, ta kai shi ga sakamako na gaskiya. In ta kai shi ga kuskure, to, akwai gyara, kome daɗinta a kunne, kuma kome daɗewarta a bakin jama'a. Za mu ɗora kalmominmu bisa wannan ma'auni, mu auna su da abin da manyan injunan karo suka bayyana.

2.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

A shekarar 1808 John Dalton na Ingila ya buga littafin da ya kafa ra'ayin cewa kowane sinadari yana da nasa ƙananan gaɓoɓi waɗanda ba su rabuwa. Ya kira su atam, kalmar da aka aro daga Girkanci, mai ma'anar abin da ba ya yankuwa. Wannan suna bai cika shekara ɗari ba bincike ya ƙaryata ma'anarsa. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin atam yana tattare ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarsa. Daga baya aka san cewa cibiyar ta ƙunshi furoton, da kuma niyutiron wanda James Chadwick ya gano a 1932. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo ra'ayin cewa su ma furoton da niyutiron haɗin waɗansu ƙwayoyi ne da ake kira kwak, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960 suka ƙarfafa wannan ra'ayi.

Injin da ya fi kowanne girma a wannan fanni shi ne wanda ake taƙaita sunansa da LHC, na cibiyar bincike ta CERN da aka kafa a 1954 a kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janiba. Rami ne mai siffar zobe a ƙarƙashin ƙasa, zurfinsa kimanin mita 100, kewayensa kilomita 27, watau tafiyar awa biyar zuwa shida ga mai tafiya a ƙasa. A cikinsa ake kora furoton ta bututu biyu, waɗansu ta hannun dama waɗansu ta hagu, har sai sun kusa kamo saurin haske, suna zaga zoben fiye da sau 11,000 a cikin sakan ɗaya. Manyan maganaɗisu 1,232, waɗanda aka sanyaya zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri, su ne ke lanƙwasa musu hanya. A wurare huɗu ake haɗa hanyoyin biyu domin su yi karo, kuma a nan aka girke na'urorin da ke rubuta abin da ya fito. An fara kora furoton a injin a 2008, kuma ranar 4 ga Yuli 2012 ƙungiyoyin bincike biyu, ATLAS da CMS, suka ba da sanarwar gano ƙwayar da aka sa wa sunan Peter Higgs.

3.0 Kalmar "Ƙwayar Zarra"

Da wannan kalma aka saba fassara atam, a aji da kuma a rediyo. Asalinta Larabci ne, kuma ta shigo Hausa tun da daɗewa ta hanyar karatun addini. Ta zo a Suratu Zalzala, inda malaman tafsiri na farko suka bayyana ta da ƙaramin kiyashi, ko kuwa ƙurar nan da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. Daga nan Bahaushe ya samo maganar nan ta "ko ƙwayar zarra", wadda yake nufin iyakar ƙanƙanta da ita.

Matsalar a nan take. Yaron Ingila da ya ji kalmar atam ba ya jin ma'anarta ta Girkanci, domin ba harshensa ba ne, saboda haka in an ce masa atam na da cibiya ba zai ga wani saɓani ba. Shi kuwa yaron Kebbe kullum yana jin "ko ƙwayar zarra" a gida da kasuwa da wurin wa'azi, da ma'anar abin da babu na ƙasa da shi. To, sai malami ya ce masa a cikin ƙwayar zarra akwai cibiya, a cikin cibiya akwai furoton, a cikin furoton akwai kwak. Yaron zai rubuta, zai kuma haddace, amma harshensa ya riga ya gaya masa akasin haka. Daɗin daɗawa, da yake an riga an kashe kalmar "ƙwaya" a kan atam, sai malami ya rasa abin da zai kira na cikinta. Shi ya sa mukan ji ana cewa "'ya'yan ƙwayar zarra", ko "ƙananan ƙwayoyin ƙwayar zarra". Na biyun ya yi nauyi a baki. Na farkon kuma kuskure ne, domin da yawa daga cikin ƙwayoyin da aka sani, kamar miyuwon da ƙwayar Higgs, ba a cikin atam suke zaune ba, balle a ce 'ya'yansa ne.

Abin lura shi ne malamanmu na zaure ba su taɓa faɗawa wannan ruɗani ba. A ilmin tauhidi na tafarkin Ash'ariyya, wanda aka daɗe ana karantarwa a ƙasar Sakkwato, har da Tambuwal inda Buhari ɗan Shehu ya zauna, abin da ba ya rabuwa yana da sunansa daban, watau jauharul fardi. Zarra kuwa ma'aunin ƙanƙanta ce kawai, kuma a Suratu Yunusa da Suratu Saba'i an ambaci abin da ya fi ta ƙanƙanta. Larabcin zamani ne ya ɗora wa kalmar ma'anar atam, mu kuma muka bi sawu.

Wani zai ce kalmar ta riga ta zauna, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Zai ƙara da cewa kalma ba dole ta zama bayanin abin da take nufi ba: "jirgi" na ruwa ne a asali, yau ga shi a sama, "wuta" kuma ta murhu ce, yau ga ta a waya. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta hana mu neman a kori zarra baki ɗaya. Sai dai jirgin sama bai taɓa sa kowa ya ɗauka yana tafiya bisa ruwa ba, domin ido na ganinsa yana gyara fahimta. Atam kuwa babu idon da zai gan shi a aji, kalmar ce kaɗai madogarar ɗalibi. Shawararmu ita ce a raba kalmomin biyu. A bar "zarra" ita kaɗai ga atam, a kuma gaya wa ɗalibi tun ranar farko cewa aron suna ne. Ita kuwa "ƙwaya" a 'yanta ta, ta zama sunan jinsi: "ƙwayar asali" ga wadda har yanzu awo bai nuna tana da na ciki ba, kamar ilektiron da kwak, sa'an nan "haɗaɗɗiyar ƙwaya" ga irin su furoton da niyutiron.

4.0 Fasawa ko Karo?

Kalma ta biyu aikatau ce. Idan malami ya zo bayanin aikin injin, yawanci yakan ce ana "fasa" ƙwaya ne domin a ga abin da ke cikinta, kuma misalin da ya fi saurin zo masa shi ne na turmi da taɓarya. Misalin yana da farin jini domin kowane yaro a ƙasar gero da dawa ya san shi: daga zangarniya a sami tsaba, daga tsaba a sami tsaki, daga tsaki a sami gari. Amma mu bi misalin da hankali mu ga inda zai kai mu. Duk abin da ya fito daga turmi da ma yana cikin abin da aka zuba, kuma kowane ɓarɓashi bai kai tsabar da ya fito daga cikinta nauyi ba. Ɗalibin da ya riƙe wannan zai yanke hukuncin cewa ƙwayar Higgs wani ɗan gutsure ne da ke ɓoye a cikin furoton.

Awo ya nuna akasin haka. Ƙwayar Higgs ta ninka furoton nauyi kusan sau 133. Ƙwayoyin W da Z, waɗanda aka gano a CERN a 1983, bayan Sheldon Glashow da Abdus Salam da Steven Weinberg sun yi hasashensu a lissafi, sun ninka shi kimanin sau 86 da sau 97. Kwak mafi nauyi, wanda aka gano a Fermilab ta Amurka a 1995, ya ninka shi fiye da sau 180. Furoton biyu ne kacal suka yi karo, ga shi abin da ya fito ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Babu turmin da za a zuba masa tsaba biyu ya fitar da mudu.

Abin da ke faruwa shi ne kuzarin gudun da aka tara wa furoton yana juyewa ya zama sababbin ƙwayoyi, bisa ƙa'idar da Albert Einstein ya bayyana a 1905, cewa kuzari da nauyi suna canzuwa da juna a kan farashi tabbatacce. Saboda haka misalin kasuwa ya fi na turmi kusa da gaskiya. Wanda ya shiga kasuwar Tambuwal da kuɗi a aljihu ya fito da sa, ba a cikin aljihun san yake ba. Kuɗin ne suka kai farashinsa. In kuɗin ba su kai ba, ko sau nawa ya zaga kara ba zai fito da shi ba. Wannan misali yana amsa tambayar da ɗalibai suka fi yi, watau me ya sa ake ta gina injin da ya fi na baya girma: ƙwaya mai nauyi tana da tsada, sai an tara kuzarin da ya kai.

Bisa ga haka muna ganin "karo" ita ce kalmar da ta dace, kuma tana ɗauke da wani darasin. Idan rago ya tunkuyi ɗan'uwansa da ke tsaye, yawancin ƙarfin yana tafiya ne wajen tura shi gaba. In kuwa su biyu suka taho a guje suka haɗa goshi, ƙarfin duka a wurin haɗuwar yake ƙarewa. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa masana suka fifita haɗa ƙwayoyi biyu masu gudu a kan harbin abin da ke tsaye wuri ɗaya. Kalmar "fasa" a bar ta inda ta dace, watau tsagewar cibiyar yuraniyom a tukunyar nukiliya.

5.0 Nauyi, Ƙarfi da Makamashi

Mai sauraro zai lura cewa mu kanmu mun yi ta amfani da kalmar "nauyi" a sama, domin ita ke akwai. Amma a fiziks abubuwa biyu ne take ɗauke da su. Akwai nauyin da ke jikin abu ko'ina yake, wanda ke sa ya yi wuyar turawa ko tsayarwa, akwai kuma jan da ƙasa ke yi masa. Buhun shinkafa da aka kai duniyar wata janshi zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida, alhali shinkafar ba ta ragu da ƙwaya ɗaya ba. Idan aka ce Higgs ce ke "ba da nauyi", sai ɗalibi ya ɗauka ita ce ke sa abu ya faɗo ƙasa, wanda kuwa wani babi ne daban. Muna ba da shawarar "nauyin zati" ga na farko, da yake kalmar zati sananniya ce ga duk wanda ya yi karatun zaure, sa'an nan "nauyin jan ƙasa" ga na biyu.

Haka kuma "makamashi". Asalinta abin da wuta ke ci ne, kamar itace da kara da gawayi, kuma ta yi daidai a maganar fetur da lantarki. Amma furoton da ke gudu a cikin bututu babu abin da yake ƙonawa. Ita kuma "ƙarfi" an riga an ɗora mata turawa da ja. Mun zaɓi "kuzari" ga abin da gudu ke ɗauke da shi, domin kada kalma ɗaya ta yi dakon ma'ana uku.

6.0 Laƙabin da Bai Kamata a Fassara ba

A 1993 Leon Lederman, tare da Dick Teresi, ya fitar da littafi mai suna The God Particle. Jaridun Turai da Amurka suka kama wannan laƙabi suka liƙa wa ƙwayar Higgs, musamman a 2012, ko da yake shi kansa Peter Higgs bai so shi ba, kuma masana ba su amfani da shi a rubuce-rubucensu na fanni. Laƙabin talla ne kawai na sayar da littafi. Amma idan aka juya shi kai tsaye ya zama "ƙwayar Ubangiji", sai ya zama wata magana dabam a kunnen wanda aka koya wa tun yana ƙarami cewa Allah bai yi kama da halittunSa ba, kuma ba jiki ba ne balle a ce Yana da ƙwaya. Kowa ya daka rawar wani, zai rasa turmin daka tasa.

Illar tana zuwa ta fuska biyu. Wani ɗalibin zai ɗauka fannin gaba ɗaya shisshigi ne ga addini, ya juya masa baya, watakila ma mahaifinsa ya goya masa baya. Wani kuma zai bi ta ɗaya gefen, ya ce ai ayoyin da suka ambaci abin da ya fi zarra ƙanƙanta furoton da kwak suke nufi. Shi ma fassara ce ta ja shi, domin ma'anar atam daga baya aka ɗora wa kalmar, kuma ba hikima ba ce a jingina nassi ga sakamakon awo wanda gobe ana iya gyara shi.

Gaskiyar al'amarin ba ta da wannan hayaniya. A 1964 François Englert da Robert Brout, da Peter Higgs, da waɗansu masana uku, suka nuna a lissafi cewa in akwai wani fage da ya game sarari duka, to, ƙwayoyin asali za su iya samun nauyin zati gwargwadon yadda suke cuɗanya da shi. Ƙwayar Higgs motsin wannan fage ce. A cikin karo fiye da biliyan ɗaya ake samun guda, kuma ba ta daɗewa ko kaɗan take rikiɗewa zuwa waɗansu ƙwayoyi, alal misali ƙwayoyin haske biyu. Daga sawun waɗannan ne ake gane ta wuce, kamar yadda maharbi kan gane naman da ya bi ta fadama. Har ila yau, ba ita ce tushen yawancin nauyin jikinmu ba: nauyin kwak ɗin da ke cikin furoton kimanin kashi 1 ne cikin 100 na nauyinsa, sauran daga kuzarin ɗaurin da ya haɗa su yake. Englert da Higgs sun sami kyautar Nobel a 2013 saboda wannan aiki. Sunan "ƙwayar Higgs" ya wadatar, ba ya kuma ɓata wa kowa rai.

7.0 Kammalawa

Ana iya tambaya, ina ruwan yaron Dogon Daji ko na Kuchi da injin da ke Janiba? Amsar ita ce ƙananan 'yan'uwan wannan ilmi suna nan a gida. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, an ƙaddamar da tukunyar nukiliya ta bincike a 2004, wadda ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da ita. A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife an girke injin kora ƙwayoyi domin irin wannan awo. Na'urar da asibitoci ke gasa ciwon daji da ita ma injin kora ilektiron ce. Tun 2010 kuma aka fara wata makarantar fiziks ta ɗaliban Afirka, wadda ta zauna a Afirka ta Kudu, sa'an nan Kumasi a 2012 da Dakar a 2014. Waɗanda za su riƙe waɗannan wurare daga azuzuwanmu za su fito, in har ba mu rufe musu ƙofa da kalmominmu ba.

Magabata sun share hanya. Littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1949, ya nuna cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin kimiyya. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta buɗe ƙofar tattara kalmomin kimiyya na firamare, kuma Hausa Metalanguage na 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi irin wannan hidima. Abin da ya rage shi ne fiziks na manyan azuzuwan sakandare, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana.

Don haka muna roƙon wannan taro da ya duba abubuwa kamar haka. Na farko, kada masanin harshe ya zauna shi kaɗai ya ƙirƙiro kalmar fiziks, haka shi ma malamin fiziks. A zaunar da su tare, a kuma gayyato malamin zaure, domin a wurinsa yawancin kalmomin aron suka fara zama. Na biyu, sunayen ƙwayoyi a are su yadda suke, a rubuta su bisa ƙa'idar Hausa. In Basakkwace ya ce "huroton" Bakano ya ce "furoton", babu abin da ya ɓaci. Na uku, kada a buga kalma a littafi sai an kai ta aji an gwada. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a yi wa ɗalibai bayani da kalmar, sa'an nan a tambaye su ko abin da ya fito daga karo zai iya fin abin da ya shiga nauyi. Amsarsu ita ce za ta nuna mana ko kalmar ta ci jarrabawa. Kalmomin da muka kawo a wannan takarda ma muna neman a fara wannan gwaji da su.